Gwangwanin Siminti da Hannun Jeffrey

Bukuru,
3 ga Agusta.

Zuwa ga Yayata Kaneng,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ya riƙe mu da hannunsa har muka ga tsakiyar wannan damina. Ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Oga Charles da 'yarmu Klaudiya. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare fitarku da shigarku, ya ba ki haƙurin 'ya'yan mutane da kike koyarwa. Yaya Kalaba, yaya ruwan sama? An ce a can ruwa ba ya ɗaukewa, sai dai ya tsaya ya yi numfashi ya ci gaba. Mu nan sanyi ne da laka, kamar yadda kika sani. Mama tana nan a ƙauye, gwiwar ce dai take damunta, amma hakan bai hana ta zuwa gonar acca ta yi wa masu noma faɗa ba. Matata Loyis tana zuwa kasuwa da dankalinta da kabeji. Ƙaramarmu Yop ta cika shekara uku, ta kuma gano hanyar hawa kan tankin ruwa. Ni ma ina nan ina buga bulo, bayan yana ciwo, bakin yana aiki.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna. Rabona da doguwar takarda tun aji biyu na sakandare, lokacin da ni da makaranta muka rabu ba tare da kowa ya yi kukan wani ba. Ki yi haƙuri da layukan da suka karkace, hannun da ya saba da shebur ba ya jin maganar biro. Sau uku ina kiran ki a waya don in faɗa miki abin da ke cikin takardar nan. Kowane karo sai ki ce yaya yara, in ce suna nan suna cinye ni, ki yi dariya, ni ma in yi, mu kashe waya. Bakina ba ya iya ɗaukar magana mai nauyi, da ya ɗauko sai ya mayar da ita wasa. Shi ya sa na yago tsakiyar littafin rubutu na zauna. Angela ta cocinmu za ta zo wajenku ranar Litinin, ita za ta kawo miki. Maganar ɗana Jeffrey ce, Yaya. Hannunsa na dama ya lalace, kuma ni na lalata shi.

Ba ki manta yadda aka haife shi ba, bakwaini, ke kika fara ɗaukar sa kika ce bai kai nauyin mudun acca ba. Yanzu shekararsa bakwai, amma in ya tsaya cikin 'yan ajinsu kamar ƙanen wani ne ya biyo shi makaranta. A watan Nuwamba aka yi wasannin makarantarsu, aka sa shi tsere. Ya zo na ƙarshe, irin na ƙarshen da har malamin ya fara jera waɗansu yara kafin ya iso. Iyaye suka yi masa tafi na tausayi. Ni na fi kowa dariya, har na ce wa na kusa da ni yaron ya tsaya gaisawa da ciyawa ne. Amma a cikina ba dariya ba ce. Kaina na gani, Rwang Tsinke, wanda yara suke ƙwace wa rake a hanyar rafi sai kin zo da dutse a hannu kin kore su. A hanyar komawa gida ya tambaye ni ko na ji kunya da ya zama ɗana. Na ce masa a'a, na saya masa fanke. A zuciyata kuwa na rantse ba zai tashi yana jiran wata yaya ta zo ta cece shi ba.

Kin san maƙwabcinmu Alphonsus, mai sayar da kayan babur. A bayan gidansa akwai fili inda samarin unguwa suke ɗaga ƙarfe da yamma, ƙarafan duk na siminti ne da tsofaffin kayan mota, rabinsu ma ni na zuba musu. Na je na ce masa zan riƙa kawo Jeffrey. Gaskiya ɗaya ce, kada in ɗora wa bawan Allah laifi, ya ce mini wurinsa na masu gemu ne, in bar yaro ya ci tuwo tukuna. Sai na ce to, ai ni ne mai simintin. Na dawo gida na samo gwangwanin madara biyu, na cika su da siminti, na soka guntun bututun ruwa a tsakani, na shafa musu fenti kore da fari. Na je kasuwar Taminus na sayo usur. Daga ranar mutanen layinmu suka fara kira na Koci, ni kuma na karɓi sunan hannu bibbiyu kamar an ba ni sarauta. Iliminmu duka daga waya ne, na ga wasu yaran ƙasashen waje suna ɗaga ƙarfe, ban tsaya na tambayi wa ke tsaye a bayansu ba, ko shekara nawa suka yi suna koyon yadda ake riƙewa da sanda marar nauyi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni nawa ma bai kai ƙaramin ba.

Kullum da safe kafin makaranta, cikin sanyin nan da ke sa haƙora rawa, sai in busa usur ya fito da suwaitarsa. Na kafa dokoki kamar gwamnatin soja. Ba kuka, ba cewa na gaji. Na kuma ƙirƙiro wata magana da kaina, wadda ban ji a bakin kowa ba, na ce masa zafi alama ce ta ƙarfi yana shiga jiki. Duk bayan mako biyu sai in ƙara nauyi, daga gwangwanin madara zuwa na tumatir babba. Duk ranar da ya ɗaga sabo, sai in ɗora shi a wuya in zagaya tsakar gida ina yi masa kirari. Yaya, da kin ga fuskarsa a lokacin. Ban taɓa ganin yaron yana haske haka ba. Na ɗauka ƙarfen yake so. Yanzu na gane hawan wuyan yake so, da na ɗora shi kyauta da ya fi kowa murna.

Da kuka zo Kirsimeti kin gani da idonki, kin kuma yi magana. Kin ce shekararki ashirin kina kallon yara a filin makaranta, ƙarfin yaro a cikin wasa yake, in sake shi ya yi gudu da tsalle da hawan duwatsu da 'yan'uwansa, ya ci ya ƙoshi ya yi barci. Na amsa miki da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kika ce in ban yi hankali ba ni za ki tanƙwara da muciya, kowa ya yi dariya, maganar ta wuce a haka. Ga amfanin zama mai ban dariya, duk gargaɗin da aka yi maka sai ya narke a cikin shewa. Loyis ma ta yi nata, sau biyu tana ɓoye gwangwanayen, sau ɗaya a cikin buhun gawayi, sau ɗaya a gidan maƙwabta. Ta manta mutumin da take aure sana'arsa ke nan, in ta ɓoye biyu zan zuba huɗu.

A watan Maris mahaifiyar Loyis ta kwanta rashin lafiya, ta tafi ƙauyensu jinya da Yop a baya, ta bar ni da Jeffrey na mako biyu. Gida ya zama na Koci. Na fito da abin da na daɗe ina ɓoyewa a wurin aiki, gwangwanin fenti biyu a kan dogon ƙarfe. Ranar Asabar da safe na ce masa yau za mu nuna wa duniya. Ya ɗaga zuwa ƙirji. Na ce sama, har bisa kai. Hannuwansa suna rawa kamar ganye, amma ya tura. Kin san inda nake a lokacin? Ba a bayansa ba, inda ko jaki ya san ya kamata babba ya tsaya. Ina gabansa taku huɗu, riƙe da waya ina ɗaukar bidiyo, don in tura miki ki ga wa ya yi gaskiya tsakaninmu. Ƙarfen ya rinjaye shi ta baya, ya faɗi da shi, wuyan hannunsa na dama ya lanƙwashe a ƙarƙashi. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Ya tashi zaune ya kalle ni, bakinsa ya buɗe zai yi kuka. Na ce masa soja ba ya kuka. Ya rufe bakin, na ga maƙogwaronsa ya motsa ya haɗiye.

Da a nan na tsaya, da takardar nan ba ta yi tsawo ba. Na duba hannun na ga bai karkace sosai ba, na yanke hukunci a matsayina na babban likitan bulo cewa targaɗe ne. Na gasa da ruwan zafi, na shafa man zafi, na ɗaure da tsumma. Sannan na yi abin da ya fi faɗuwar muni. Na durƙusa na ce masa wannan sirrin maza ne, kada Mamarsa ta ji ko a waya, in ta ji za ta hana mu atisaye har abada. Ya gyaɗa kai. Na ba shi hutun kwana biyu, don ni koci ne mai tausayi, a rana ta uku na busa usur na sa shi irin motsa jikin nan da ake kifa ciki ana tura ƙasa da tafin hannu. Ya yi. Gumi yana zuba a fuskarsa cikin sanyin safe, na tambaye shi ko da zafi, ya ce ƙarfi ne yake shiga. Na ji daɗi, Yaya. Na shafa kansa.

Kwana goma muka yi a haka. Malamarsu ce ta aiko da 'yar takarda, ta ce yaron ya koma rubutu da hagu, kuma ba ya barin kowa ya taɓa hannun rigarsa. Na kwance tsumman na ga wurin ya kumbura ya yi duhu. Maimakon asibiti, sai na tuna akwai wata nas da suke zumuntar mata tare da Loyis, in ta gan mu labari ya isa ƙauye kafin mu iso gida. Wato tsoron matata ya fi mini hannun ɗana. Na ɗauke shi zuwa wajen wani mai ɗori ta bayan Gada Biyu. Dattijon ya tambaye ni kwana nawa da faɗuwar, na ce uku, don kada ya yi mini faɗa. Ya ce in riƙe yaron da kyau. Na rungume shi ta baya, dattijon ya ja hannun ya murɗa. Jeffrey bai yi ihu ba. Jikinsa ne ya sandare, sai na ji ɗumi a cinyata, fitsari ya kufce masa. Da muka fito abin da ya dame shi shi ne in yafe masa wandona da ya ɓata.

Bayan kwana biyu Loyis ta dawo. Ta ga karare ɗaure a hannunsa, yatsun sun kumbura sun yi sanyi. Ta sauke Yop, ta ɗauki zane ta goya yaro ɗan shekara bakwai kamar jariri, ta fita ta tare keke. Na bi su a baya kamar karen da aka kora. A asibiti likitan ya kwance ɗaurin da sauri, ya ce da an ƙara kwana ɗaya ko biyu da maganar yatsun ma daban ce. Ya tambayi yaron abin da ya faru. Jeffrey ya kalle ni, sannan ya ce daga kan dutse ya faɗo yana wasa shi kaɗai, Baba ma ba ya nan. Ɗan shekara bakwai yana yi mini lauya. Sai na ciro wayar na nemo bidiyon na miƙa wa likita. Loyis tana tsaye a kafaɗarsa, a nan ta gani, har da muryata ina cewa sama, sama. Bidiyon yana nan a wayar har yau, na kasa kallo, na kasa gogewa.

Da aka ɗauki hoton ƙashi, likitan ya ɗaga shi a haske ya nuna mini wani siririn layi kusa da ƙarshen ƙashin, wajen wuyan hannu. Ya ce a jikin yara wurin nan bai zama ƙashi ba tukuna, guringuntsi ne mai taushi, kuma daga nan ne ƙashin yake ƙara tsawo. A daidai nan ya karye. Ya fara neman misalin da zai ba ni don in gane, ganin irin fuskata, na ce masa ya bar shi, na gane. Shekara goma sha tara ina buga bulo. Ranar farko da sabon ma'aikaci ya zo, abin da nake fara gaya masa shi ne ba a ɗora kaya a kan ɗanyen bulo. Waje zai yi kamar ya bushe, ciki da saura. A ba shi ruwa, a ba shi kwanakinsa, shi da kansa zai yi ƙarfi. Na taɓa korar mutum daga aiki saboda ya jera mini bulon kwana ɗaya hawa biyar. Bulo na sani, ɗana ne ban sani ba.

Likitan ya ce da ranar da ya faɗi muka kawo shi, da wataƙila ya warke ba tare da wata alama ba, don ƙashin yara yana da saurin haɗewa. Abin da ya ɓata lamarin shi ne kwana goman da aka yi ana ɗora masa nauyi, da kuma jan da aka yi bayan ya fara kamawa. Aka sa masa farin simintin asibiti na mako shida. Na ce a raina, siminti ya karya, siminti zai gyara, amma ban faɗa a fili ba, na fara koyon riƙe baki. A watan jiya aka sake hoto. Ya ce wurin tsiron kamar ya fara rufewa tun lokacinsa bai yi ba. Ƙasusuwa biyu ne a tsintsiyar hannu, in ɗaya ya tsaya ɗayan ya ci gaba, hannun zai riƙa karkacewa a hankali yayin da yaron yake girma. Wataƙila sai an yi aiki nan gaba, wataƙila fiye da sau ɗaya. Bai yi alkawarin komai ba. Ya ce a riƙa hoto duk wata uku, kuma duk wani sabon ciwo ko tauri a gaya masa da wuri. Garin gyaran gira ke nan, Yaya. Na so ya fi 'yan ajinsu ƙarfi, yanzu addu'ata ya iya ɓalle maɓallin rigarsa in ya girma.

Na tambaye shi, don in ƙara wa kaina azaba, to yaya ya kamata a yi. Ya ce motsa jiki ba laifi ba ne, yara ma suna bukatarsa kullum. Amma a shekarun Jeffrey gudu ne da ƙwallo da tsallen igiya da lilo da hawa da sauka, abin da jikinsa zai ɗauki nauyin kansa cikin wasa. In ma za a koya masa ɗaga wani abu, ya zama marar nauyi, wanda zai iya maimaitawa da yawa ba tare da ya yi nishi ba, da wanda ya san aikin tsaye kusa da shi, ba gasa, ba gwada iyakar ƙarfi. Kuma da yaro ya ce zafi, a tsaya nan take. Ina jin sa ina tuna muryarki ranar Kirsimeti. Duk abin da ya lissafa yana ƙofar gidana, duwatsun nan da muka hau muna yara ba su je ko'ina ba. Ga Yop, ba usur ba koci, in ta riƙe ƙafar tebur sai mutum biyu sun taru kafin a ɓamɓare ta.

Amma ba don ƙashin na rubuto ba, ƙashi yana hannun Allah da likita. Bayan an cire simintin aka tura mu wajen wata ma'aikaciya mai gasa ƙashi da koyar da motsa gaɓa, sunanta Gertrude, mace mai haƙuri. Aikinta ba ya yiwuwa sai yaro ya gaya mata daidai inda ya fara jin zafi, don ta san inda za ta tsaya. Za ta lanƙwasa hannun a hankali ta tambaye shi, sai ya juyo ya dubi fuskata, sannan ya ce babu. Ta ƙara, ya dube ni, ya ce babu, alhali leɓensa yana rawa. A zuwa na uku ta ce, cikin ladabi, Oga ko zan ɗan jira a waje. Na fita na zauna a benci. Ban yi minti biyu ba na jiyo kukansa ta bango, kuka sosai irin na yara, yana cewa nan ne, nan ne. Rabona da jin kukansa tun kafin Kirsimeti. Da suka fito ya goge fuska tas, ya ce mini bai yi kuka ba. Gertrude ta ja ni gefe ta ce daga yau uwarsa ta riƙa kawo shi. Ta ce a gida ma a kula, don ta lura yaron ba ya faɗin ciwo in yana zaton labarin zai iso kunnena.

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Na ɗauki guduma na farfasa gwangwanayen a gabansa, na jefa usur a masai. Na zaunar da shi na ce duk abin da na koya masa ƙarya ne, zafi zafi ne, Babansa bai san komai ba. Ya saurare ni da kyau, sannan ya yi murmushi ya tambaye ni ko gwaji ne nake yi masa. Wata rana na bugi yatsana da gangan a ƙofa, na zauna a ƙasa ina kuka da ƙarfi don ya ga babba ma yana yi. Yop ta yi ta dariya. Shi kuwa ya zo ya dafa kafaɗata da hannun hagu, ya ce in daure, ƙarfi ne yake shiga. A nan kukan wasan ya koma na gaske, ya kuma ɗauka har yanzu wasan ne. Matsalar mai barkwanci ke nan, ranar da ya faɗi gaskiya ba wanda zai gane bambanci. Abin da na zuba a kansa ya kama, shi kaɗai ne aikina da ya yi ƙwari.

Tun watan Yuni na fara tunanin a raba shi da ni. Na faɗa wa Loyis, ta ce ba za ta rabu da ɗanta saboda wautata ba, in ana maganar barin gida ni ya kamata in bari. Ba ta yi ƙarya ba. Na ma gwada, na yi mako guda ina kwana a wurin aiki, sai yaron ya daina cin abinci, ya ce wa uwarsa don ya kasa ɗaga gwangwanin fenti ne Baba ya tafi. Na dawo. Ranar Alhamis da ta wuce Loyis ta dawo kasuwa da wuri saboda ruwa, ta zagaya baya ɗauko bokiti, ta same shi a lungun bayan kicin da rabin bulo. Yana ɗagawa da hannu biyu, mai lafiyar da marar lafiyar, yana ƙirgawa a hankali. Da ta ƙwace ya roƙe ta kada ta faɗa mini, ya ce so yake ya ba ni mamaki, don na daina dariya a gidan. Ba mu san kwana nawa ya yi yana yi ba. Ranar Juma'a wuyan hannun ya sake kumbura. Da yamma Loyis ta zauna a bakin ƙofa, ba tare da ta dube ni ba ta ce in rubuta wa Yaya.

To ga shi na rubuto. Roƙona, ki karɓi Jeffrey ya zauna a wurinki, ya fara makaranta a can a watan Satumba, ko da shekara ɗaya ce, ko fiye in kin ga ya kamata. Na san gidanki ba fili gare shi ba, na san kuma ban cancanci roƙo ba bayan na mayar da maganarki abin dariya. Ki yi shawara da Oga Charles, duk abin da kuka yanke ba zan ga laifinku ba. Likitan ya ce zai rubuta takarda ya haɗa da hotunan don likitan ƙashi na wajenku ya ci gaba da duba shi. Ɗawainiyarsa tana wuyana, acca da dankali ma ba za su yanke muku ba muddin mota tana zuwa. Abin da nake so kawai ya zauna a gidan da ba wanda yake jiran ya zama wani abu. Ki bar shi ya bi Klaudiya su yi wasan da suka ga dama, ya zo na ƙarshe a tsere in ya so. Ba ya cin kuɓewa, yana tsoron tsawa amma ba zai faɗa ba. In kika tambaye shi ko hannun yana ciwo ya ce a'a, kada ki yarda da ta farko, ki bari zuwa anjima ki sake tambaya, ki kuma gaya masa ba za ki faɗa mini ba. Kada ki faɗa minin. In na kira waya, ki ce yana lafiya ko da ya wuni yana kuka, ki gaya wa Loyis gaskiyar.

Mama ba ta san duka labarin ba, an ce mata faɗuwa ya yi. Zan je in faɗa mata da kaina ranar Lahadi bayan sujada, in na dawo da kunnuwana biyu zan sanar da ke. Ki gaishe mini da Oga Charles da kyau, ki ce masa ina ba shi haƙurin nauyin da nake shirin ɗora masa. Ki gai da Klaudiya, ki ce ƙanenta yana iya zuwa, ta ji tausayinsa a wajen rabon nama. Loyis tana gaishe ku, ta ce za ta kira ki da kanta in ta iya magana. Yop ma tana gaisuwa da irin nata yaren. Alphonsus da iyalinsa sun ce a miƙa gaisuwa.

In kun amince, Loyis ce za ta kawo shi a ƙarshen wata. Ni ba zan raka su tasha ba, zan yi sallama da shi a gida in tafi aiki. Yaro ne zai rabu da gidansu da ƙanwarsa, ya kamata ya yi kuka a cikin motar nan, kuma in ina tsaye a wurin ba zai yi ba.

Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki a cikin waɗanda ba sa gajiya da nasu. Ki sa mu a addu'a.

Ni ne ƙanenki,
Rwang.